Yadda Nake Duba Naman Alade a Mayanka Kafin In Buga Masa Hatimi

Duk sabon ma'aikacin da aka turo mini, ranar farko ba na ba shi wuƙa. Garke nake kai shi, wurin aladun da ke jiran yanka, domin akwai alamun ciwo da ba a ganinsu sai dabba tana da rai. Ka kalle su suna kwance, sannan ka tashe su su taka. Wanda ya ware kansa a lungu, mai ɗingishi, mai haki, mai zawo, wanda kunnuwansa da cikinsa suka yi jajawur ko shuɗi-shuɗi, ka fitar da shi gefe ka auna zafin jikinsa. Lafiyayyen alade yana wajen digiri 39. A dokar Amurka, wanda ya haura digiri 41 ba ya shiga abincin mutane. Wanda ya mutu a mota ko a garke kuwa mushe ne, babu muhawara. Kafin ka fita, ka dubi wutsiyar kowanne.

Bayan yanka, kai da kayan ciki da gangar jiki su zauna da lamba ɗaya har ka gama. In ka ga cuta a saifa amma ba ka san jikin da ta fito ba, aikinka ya tashi a banza.

Tambaya ɗaya nake riƙewa a raina: ciwon nan ya tsaya wuri guda ne, ko ya shiga jini ya zaga jiki? In ya tsaya, sai a yanke wurin a saki sauran. In ya zaga, duka an rasa. Kaluluwa ce ke ba ka amsa. Lafiyayya ƙarama ce, cikinta sumul. In ta kumbura, ko ta yi jini, ko ka tsaga ka tarar da abu fari-fari mai tsakuwa-tsakuwa yana gurzar bakin wuƙa, ka yi zargin tarin fuka. In a kaluluwar muƙamuƙi kaɗai yake, kan ne zai tafi. In ka sake samunsa a huhu, hanta, saifa ko ƙashi, duk jikin ya haramta ga ci.

Inda nake so ka fi daɗewa shi ne harshe, naman kumatu, zuciya, kafaɗa, da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. A nan ƙwayoyin tsila ke ɓuya, wato doguwar tsutsar cikin nan mai faɗi. Ka tsaga naman ka buɗe shi cikin haske sosai. Za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle masu ruwa garai, girmansu bai wuce ƙwayar wake ba, da farin ɗigo a tsakiya. Ɗigon nan kan tsutsa ne. Wanda ya ci naman bai dahu ba, tsila za ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya riƙa fita a bayan gida. Wanda ya haɗiyi ƙwan ta ƙazamin hannu ko abinci, ƙulle-ƙullen na iya fitowa a ƙwaƙwalwarsa su sa masa farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da cutar ta yi katutu, kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya daga nan ne. In ƙulle-ƙullen sun yi yawa a naman aladen, a zubar da jikin gaba ɗaya. Wasu dokoki sun yarda a daskarar da wanda ke da kaɗan, amma ni inda babu ɗakin sanyin da na amince da shi, ba na saki.

Hanta mai fararen tabo kamar an yayyafa madara, sawun tsutsar ciki ne, hantar kaɗai za a jefar. Huhun da ya manne da haƙarƙari, a cire shi a ɗaye tantanin da ke jikin haƙarƙarin. Amma saifa ta kumbura ta yi baƙi, kaluluwa ta zama kamar gudan jini, ƙoda ta cika da jajayen ɗige-ɗige, to ka dakatar da yanka ka sanar da hukuma, domin alamun zazzabin aladu na Afirka ne. Ba ya kama mutum, sai dai yanki ɗaya na naman ya isa ya ƙarar da garken wani. Jajayen tabo masu kusurwa huɗu a fata kuwa wata cuta ce da ke kama hannun mai fiɗa, don haka ka sa safar hannu.

Batun wutsiya. Wata rana an rataye mini wani jiki mai kyan gani, kitse fari tas, nama jawur. Abin da ya tsayar da ni shi ne guntuwar wutsiya mai ɓawon miki, wadda 'yan'uwansa suka ciza. Na sa aka raba ƙashin baya gida biyu, sai ga mugunya kore-kore tana tsatsowa daga tsakanin gaɓoɓin ƙashin, wuri uku. Na koma huhun na matsa, ƙananan ƙuraje birjik. Mai dabbar ya riƙe hannuna yana cewa in yanke wurin kawai. Na ji tausayinsa har cikin raina, amma mugunyar da ta je huhu ta jini ta bi.

Kitse ya yi rawaya? Ka duba da hasken rana. In kitsen kaɗai ne, yana iya zama daga abinci. In har jijiyoyi da farin ido sun rine, ciwon shawara ne. In kana kokwanto, ka ajiye shi a sanyi awa 24 ka sake dubawa. Namijin da ba a dandaƙe ba yakan yi hamami, sai ka ɗumama ɗan kitsensa ka sansana, in warin ya yi ƙarfi ba a saki. Ka shafa wuya ma, kumburin sabuwar allura na nufin watakila magani bai gama fita daga jiki ba.

Akwai wadda ido ba ya gani, tsutsar tirikinela. Ita sai a ɗebi giram 1 daga tantanin da ya raba ƙirji da ciki, giram 2 in tsohuwar uwa ce ko namijin barbara, a narkar da shi a ɗakin gwaji, a duba da madubin likita. Kada jikin ya bar mayanka kafin sakamako ya fito.

Kashi ya taɓa nama, a yanke wurin da wuƙa, kada a wanke, ruwa baza ƙazanta yake yi. Ka riƙe wuƙa biyu, ɗaya a hannu, ɗaya cikin ruwa mai zafin digiri 82. Naman da ka ƙi kuwa, ka tsattsaga shi, ka zuba masa rini, ka rubuta lambarsa da dalili a littafi, ka kulle shi da kanka, kuma ka tsaya a wurin har a ƙone shi ko a binne.