Yadda ake kwatanta lens tsakanin kyamarori masu sensa daban-daban kafin a biya kuɗi

Duk wanda ya shiga Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Alaba neman lens na hannu, zai ji mai shago yana yabon 50mm a matsayin wanda ke ganin duniya yadda idon mutum ke ganinta. Maganar tana da tushe, amma gaskiyarta ta tsaya ne a kan kyamara mai cikakken sensa (sensa shi ne farantin da ke kama hoto a cikin kyamara), alhali yawancin matasanmu da ke ɗaukar hoton biki da suna a Agege da Idi-Araba da ƙaramin sensa suke aiki.

Abin da za a fara riƙewa shi ne lambar milimita da ke jikin lens ba ta canzawa, ko a kan wace kyamara aka ɗaura shi. Lens yana jefa hoto mai siffar da'ira a cikin kyamara, sensa kuma yana ɗebar murabba'i daga tsakiyar da'irar, ta yadda babban sensa zai ɗebi fili mai faɗi, ƙarami kuma ya yanke gefuna ya bar tsakiya, sai abin da ake ɗauka ya zama kamar an matso da shi. Ma'aunin da ake gwada komai da shi, wato cikakken sensa, ya samo asali ne daga fim mai milimita 35, wanda kyamarar Leica ta 1925 ta yaɗa: faɗi milimita 36, tsayi 24, daga kusurwa zuwa kusurwa kuma kimanin 43.3. Idan aka raba 43.3 da tsawon kusurwa zuwa kusurwa na sensan kyamararka, abin da ya fito shi ne lambar yanka.

Ba sai ka yi wannan lissafi da kanka ba, domin lambobin sanannu ne. Sensan APS-C na Nikon da Sony da Fujifilm, mai kimanin milimita 23.5 a 15.6, lambarsa 1.5, na Canon kuwa ya ɗan fi ƙanƙanta, milimita 22.3 a 14.9, shi ya sa tasa ta zama 1.6. Tsarin Micro Four Thirds da Olympus da Panasonic suka fitar a 2008 lambarsa 2 cif, sensan da ake kira mai inci ɗaya kuma 2.7. Sai ka ninka lambar lens da lambar yanka, ka ga abin da zai yi daidai da shi a cikakken sensa. Ta haka 50mm a kan ƙaramar Canon, wato mai sensan APS-C, yake nuna filin da 80mm zai nuna, 18-55mm ɗin da ake sayar da kyamarar tare da shi kuma ya kama daga kusan 29 zuwa 88. Idan kuma so kake ka sami filin 50mm a kan Panasonic, rabawa za ka yi maimakon ninkawa, ka nemi 25mm.

Ni dai a ganina lissafin da ya fi amfani ga mai aiki a Legas shi ne na faɗin ɗaki, saboda ɗakunanmu na haya ba su da wurin ja da baya. Ka ninka nisan da ke tsakaninka da mutane da faɗin sensa, sannan ka raba da lambar lens. Mu ɗauka ranar suna ce a wani falo a Agege, mai jego tana zaune a kujera da jariri, kakanni da 'yan'uwa sun jeru a gefenta, kai kuma bayanka ya riga ya taɓa bango a nisan mita 3. Da 50mm a kan cikakken sensa za ka kama faɗin mita 2.16, wanda zai ɗauki mutum huɗu idan sun matsu. Lens ɗin nan dai a kan ƙaramar Canon mita 1.34 kawai zai ba ka, wato mai jego da wadda ke kusa da ita, hannun ta uku kuma ya yanke a gefen hoto. Idan ka sauya zuwa 24mm a wannan kyamara, faɗin zai kai kusan mita 2.8, kowa ya shiga har da randar furen da ke kusurwa. Saboda haka nake ba duk mai ƙaramin sensa shawara ya auna ɗakunan da ya saba aiki a cikinsu da taku kafin ya tafi kasuwa, ya kuma sa 24mm ko 35mm a gaban 50mm idan hoton jama'a ne abincinsa.

A fili kuwa, yankan nan riba ce. Wanda ke ɗaukar ƙwallo a filin Teslim Balogun da ke Surulere, ko birai a gandun dajin Lekki, 300mm zai ba shi filin 450mm a kan Nikon mai APS-C, ko na 600mm a kan Micro Four Thirds, ba tare da ya saɓa lens mai nauyi da tsada ba.

Batun ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi a cikin lens wanda ake rubuta girmansa da lamba irin f/1.8, shi ne inda gardama ta fi yawa tsakanin masu sana'a, kuma abu biyu ne ake haɗawa wuri guda. Ta fuskar hasken hoto, f/1.8 yana nan a f/1.8 a kowace kyamara, don haka saurin shata (tsawon lokacin da haske ke shiga) da ISO (ƙarfin jin hasken sensa) ba sa bukatar gyara. Ta fuskar dusashewar bayan mutum, wadda amare ke so ƙwarai, a nan ne ake ninka lambar f da lambar yanka idan ana son fili iri ɗaya daga nisa ɗaya: 25mm f/1.8 a kan Micro Four Thirds zai dusashe baya kamar 50mm f/3.6 a cikakken sensa, 35mm f/1.8 a kan Sony mai APS-C kuma kamar 52mm f/2.7. Haka nan babban sensa yana tara haske mai yawa gaba ɗaya, shi ya sa hotonsa ya fi tsabta da dare idan kyamarorin zamani ɗaya ne.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka juya lens ɗin ka duba gindinsa. A Canon, jan ɗigo alamar EF ce, wanda ke hawa kowane sensa, farin murabba'i kuma alamar EF-S, wanda ba ya hawa cikakken sensa irin na 5D ko 6D. Lens ɗin Nikon mai rubutun DX, wato na ƙaramin sensa, zai hau kyamarar FX mai cikakken sensa, amma za ta yanke hoton, megafiksel 24 ya koma kusan 10. Sony kuwa FE ne na cikakken sensa. Ka je shagon da kyamararka a hannu, ka ɗaura lens ɗin, ka ja baya taku huɗu, ka ɗauki kantar mai shago, sannan ka ƙirga abin da ya shiga hoton daga wannan gefe zuwa wancan.