Yadda ake shirya yaro idan za a yi masa hoton CT na hanta da allura

Idan likita ya rubuta wa ɗanki hoton CT na hanta, wato hoton da na'ura ke ɗauka ta hanyar haska cikin jiki, ya ce sai da allura, yana nufin za a tura masa wani ruwa mai sinadarin aidin ta jijiya. Wasu na ce masa rini, sai hankalin uwa ya tafi marinar Ƙofar Mata. Kwantar da hankalinki, ba shuni ba ne. Garau yake kamar ruwan sha, a hoto kaɗai yake haskawa, ya bambanta lafiyayyar hanta da ƙari ko ƙurji.

Shiri tun kafin ranar yake farawa. Ko a Asibitin Malam Aminu Kano aka ba ku rana ko a wani wurin hoto na kuɗi, yawanci za a nemi gwajin ƙoda, domin ƙoda ce ke fitar da ruwan ta fitsari. Ki riƙe sakamakon tare da takardar sikanin da aka yi a baya.

Sai faɗin gaskiya, wanda a ganina ya fi komai. Yana da asma? Sikila? Ciwon ƙoda? An taɓa yi masa irin wannan allura ya yi borin jini? Faɗa. Jiƙon shawara da kakarsa ta ɗura masa ma kada kunya ta sa ki ɓoye. In kuwa ya kwana yana amai da gudawa, a sanar, don jikin da ruwa ya ƙare a cikinsa ya fi wahalar da ƙoda.

Ƙaramin da ba zai kwanta shiru ba akan ba shi maganin barci, shi ya sa ake hana ci. Abin da aka saba: abinci da madara a tsayar awa 6 kafin lokaci, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2, sai dai in likitanku ya faɗi wani abu daban. Kunu abinci ne. Cokali biyu na lallashi a cikin adaidaita sahu na iya sa a ɗage muku ranar.

Da kun isa, a ɗora shi a sikeli. Da nauyi ake auna ruwan allurar, kusan mililita 1.5 zuwa 2 a kowane kilo, wato yaro mai kilo 10 zai samu 15 zuwa 20. Kada a dogara da nauyin da ke tsohon kati.

Daga nan nas za ta sa masa kanula a hannu, wato ɗan siririn bututun roba da ake sakawa a jijiya don tura ruwan. Mai juna biyu ba ta shiga ɗakin hoton, sai uba ko gwaggo ta shiga, a sa mata rigar dalma. Yaro mai wayo a gaya masa tun a waje cewa zai ji ɗumi ya ratsa shi, bakinsa ya yi ɗanɗanon ƙarfe, har ya ji kamar fitsari ya kufce masa, alhali bai yi ba. Galibin jinin hanta daga hanji yake zuwa, don haka ana jira kamar minti ɗaya ruwan ya iso kafin a ɗauka. Motsi a wannan ɗan lokacin na iya ɓata hoton, a sake haska yaro a banza.

An gama, kada ku yi saurin kama hanya. Ku zauna kamar rabin awa da kanular a hannu. Ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin fuska ko leɓe, numfashi da ƙyar, ko wurin allurar ya kumbura yana zafi, a kira nas nan take. In ya farka sarai, a ba shi ruwa ko nono sosai, ki lura yana fitsari kamar yadda ya saba har washegari.