Yadda za ka gane abin da ya karya ƙarfen tabain: gajiya ce ko miƙewar zafi

To ɗaliban kimiyyar ƙarafa, idan aka kawo maka karyayyen fiffiken tabain, wato injin da iska mai zafi ke juya fikafikansa, na jirgin sama ne ko na tashar wutar gas irin ta Geregu da ke Kogi, don Allah kada ka haɗa ɓarin biyun wai kana son ganin yadda suka dace. Wallahi abin nan yana min ciwo, cikin sakan biyu sai mutum ya goge shaidar da ƙarfen ya yi dubban awoyi yana tarawa. Ɗauki hoto tukuna, naɗe kowane ɓari daban, in akwai maiƙo ka wanke da asiton kawai, wato ruwan sinadarin da ke narkar da maiƙo, buroshin waya kuwa kar ya kusanci wurin.

Daga nan ka tambayi wane gami ne, don galibinsu na nikel ne amma halinsu ba ɗaya ba. Faifan da ke riƙe da fikafikai sau da yawa Inconel 718 ne, nikel kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari, da niyobiyam wajen kashi 5, da kuma kuromiyam. Su kuwa fikafikan da wuta ke duka kai tsaye akan zuba su da gami irin CMSX-4, ƙwaya ɗaya tal daga ƙasa har sama, babu iyakar ƙwayoyi ballantana tsagewa ta bi.

Yanzu duba fuskar karayar da gilashin ƙara girma. Gajiya, wato tsagewar da nauyi mai hawa da sauka a kai a kai ke jawowa, tana barin wuri sumul mai layuka kamar waɗanda ruwa ke bari a yashin rafi idan ya janye, ka bi su da baya a hankali za su kai ka inda tsagewar ta faro, galibi ɗan ramin iska da ya saura tun wajen zubi, ko ƙarzanen da aka yi wajen gyara, ko bakin ramukan sanyaya fiffike. A na'urar SEM, wato madubin ƙara girma mai aiki da elektiron, za ka ga wasu layukan ƙanana ƙwarai, kusan kowane ɗaya zagayen nauyi ɗaya ne. Miƙewar zafi daban take, ƙarfen ne ke ja a sannu ƙarƙashin nauyi da zafi har ya ƙara tsawo, shi ya sa nake cewa ka auna shi ka kwatanta da sabo, ka kuma duba ko kansa ya gogi murfin injin. Fuskarta gantsa-gantsa ce kamar an fasa dunƙulen sukari, a gami mai ƙwayoyi da yawa tsagewar na bin iyakar ƙwayoyin da ƙananan ramuka jere.

Sai yanka. Yanka nesa da karayar, da ruwan sanyaya, in ba haka ba zafin yankan ma zai canza maka abin da kake nema. Ɗauki samfuri biyu, ɗaya kusa da karaya ɗaya daga gindin fiffike inda zafi bai kai ba sosai, shi ne ma'auninka. Goge da samfefa daga lamba 240 zuwa 1200, ka ƙarasa da man daimon, sannan ka shafa ruwan Kalling na biyu, wanda ke fito da tsarin cikin ƙarfen don ka gani a na'urar ƙara girma: giram 5 na kofa kulorayid, mil 100 na asid haidurokulorik, mil 100 na itanol. Safar hannu da tabarau dole ne, kuma a wurin da ke zuƙe hayaƙi.

Nan ne ni dai nake jin daɗin aikin. A CMSX-4 mai lafiya, ƙwayoyin gama firam masu ba shi ƙarfi suna jere kamar bulo, wajen kashi 70 na jikinsa, kowanne bai wuce rabin maikiron ba (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Idan ya daɗe cikin zafin da ya haura digiri 900 ana jan sa, sai bulon su manne su zama dogayen faranti a gicciye da inda ake ja, kana gani ka san ya sha wuya. Shi 718 iyakarsa wajen digiri 650 ne, in ya daɗe sama da haka abin da ke riƙe shi sai ya rikiɗe ya zama allurai da ake kira delta, ƙarfi ya ragu.

Kuma kar ka yi saurin rubuta rahoto da dalili ɗaya, sau da yawa biyun ne tare, miƙewa ta buɗe rami gajiya ta ƙarasa. Duba cikin tsagewar, in tsatsa mai kauri ta lulluɓe ta to ta daɗe a buɗe injin na aiki, wurin da ya fito fes shi ne ya ɓalle a ƙarshe.