Darasi na 7: Ruwan rijiya da na bohol a Legas

Toh 'yan uwa, darasin yau kan ruwan ƙasa ne, wato na rijiya da na bohol, wanda yawancinmu a Agege da Idi-Araba da Mile 12 shi muke wanka da girki da shi, ko mu ɗiba da kanmu ko mu saya wajen 'yan garuwa. Ruwan famfo na ma'aikatun ruwa na Iju da Adiyan baya isa gidaje da yawa, ita Iju ma tun 1915 take aiki, lokacin mutanen garin basu kai ko kusa da na yanzu ba. Shi yasa duk wanda ya samu hali sai ya haƙa nasa.

Ruwan nan asalinsa ruwan sama ne da ya nutse ya kwanta cikin yashi, kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Bohol ɗinka da na maƙwabcinka daga tukunya ɗaya suke sha. In layi ɗaya akwai bohol goma kowa yana tada inji safe da yamma, ruwan sai ya ja baya, kaga rijiyar da guga ke kaiwa cikin sauƙi yanzu sai an ƙara igiya da rani. Ga shi mun shafe tsakar gida da siminti, ruwan damina ba inda zai shiga, sai ya bi kwata ya tafi.

Na kusa da teku kamar Lekki da Ajah matsalarsu gishiri ce, in aka zuƙi ruwan daɗi da yawa sai na teku ya matso ya cike gurbin, kuma in ya shiga fitarsa ba ƙaramin aiki bane.

Amma abin da yafi damuna wallahi shi ne masai. A wurare da yawa a Legas ruwan ƙasa ba shi da zurfi, fili kuma ya yi kaɗan, sai kaga sokawe nan rijiya nan, taku biyar tsakani. Ƙazanta tana bi ta cikin yashi ta shiga ruwan kuma ido baya gani, ruwan fes kamar ba komai, balle in an yi ambaliya kwata ta cika ta malala cikin rijiyar da bata da murfi. Kun tuna kwalarar da ta ɓarke a garin nan a watan Yuni 2024. Ma'aikatan lafiya suna son a bar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya, wajen taku 40 na babban mutum. In filin bai kai ba, dan Allah ruwan sha a tafasa shi ko a sa maganin kulorin. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata daɓen siminti da murfi, guga kuma a rataye shi kar a ajiye a ƙasa. In kun ji warin fetur a ruwa, kamar yadda ya faru da rijiyoyin Baruwa a Ipaja, tafasawa bata maganinsa, a daina sha a kai rahoto.

Malam mai bohol, kar ka bar tanki ya cika yana zuba kai kana hira a waje. Hajiya, a tari ruwan sama a duro don wanki, a bar na farko ya wanke kwanon rufi tukun.

Aikin gida: baro ɗaya yana ɗaukar jarka 10, kowace lita 25, lita nawa kenan? Sannan ku auna taku nawa ne daga masan gidanku zuwa rijiya, ku rubuta a littafi ku zo da shi ranar Asabar.