Yadda Ake Mayar da Oni, Dodannin Japan, Al'umma a Cikin Ƙagaggen Labari

A farkon watan Fabrairu, galibi ranar 3 ga wata, ana wani biki a Japan mai suna Setsubun. Maigida ya ɗaura fuskar dodo ta takarda, yara su bi shi da gasasshen waken suya suna jifa, suna ihun "Oni wa soto, fuku wa uchi", wato oni waje, arziki ciki. Wasu gidajen har kan kifi sukan soke a reshe mai ƙaya su rataye a bakin ƙofa, wai ƙarni da ƙaya su kori oni. Shi oni ɗin, yadda ake zana shi, ƙato ne ja ko shuɗi, da ƙaho, da fiƙoƙi, ya ɗaura warkin fatar damisa, yana saɓe da kulkin ƙarfe da suke kira kanabo.

In kana rubuta labarin duniyar da ka ƙaga da kanka, kuma kana son oni su zama al'umma guda a cikinta, masu gari da sana'a da dangi, to kulkin da ƙahon su ne mafi sauƙin ɗauka. Ni ma nan na fara. Na rubuta babi uku, na ba wata ƙawar yayata mai yawan karatu ta duba, ta dawo mini da shi ta ce, "Wannan ai Dodon tatsuniyarmu ne ka shafa wa jan fenti." Gaskiya ta faɗa. Dodon tatsuniya aikinsa ya haɗiye yarinya a farka cikinsa, ba wanda ya taɓa tambayar ina uwarsa take. Hanyar da na bi bayan nan ita zan shimfiɗa maka.

Mataki na farko, koma wa tsoffin labaran, ka ajiye abin da ka gani a wasannin kwamfuta da zanen katun. Uku sun ishe ka farawa.

Na ɗaya shi ne Shuten-doji, sarkin oni na Dutsen Oe, arewa maso yamma da Kyoto, wanda ke sace 'ya'yan manya daga birni. Aka tura jarumi Minamoto no Raiko, mutum ne na tarihi da ya rasu a 1021, da barade huɗu. Ba su tunkare shi da yaƙi ba. Shigar masu ibada a duwatsu suka yi, ya karɓe su baƙunta, suka ba shi giyar shinkafa mai kashe jikin oni, da ya bugu suka sare kansa. Kan ya tashi sama ya kafa haƙora a kwalkwalin Raiko. A wata ruwayar, kafin ya mutu sai da ya ce musu su dai oni ba sa yaudara.

Na biyu Ura ne, na ƙasar Kibi, yankin Okayama na yau. Ruwaya ta ce daga Koriya ya ƙetaro, ya gina ganuwa a kan dutse, kuma jama'ar wurin suna danganta shi da aikin ƙarfe. Ɗan sarki ya zo daga fada ya kashe shi, amma kan ya yi ta gurnani shekara da shekaru, har bayan an binne shi ƙarƙashin murhu a wurin bautar Kibitsu. Har gobe ana ɗora tukunya a wurin, ana sauraren kukanta don duba.

Na uku daga ƙauyen Onizawa yake, a gindin Dutsen Iwaki, lardin Aomori. Oni ya yi abota da wani manomi, suna kokawa, ya haƙa masa hanyar ruwa zuwa gonar shinkafa. Matar manomin ta leƙa shi yana aiki, ya tafi bai sake dawowa ba, ya bar fartanyarsa. Mutanen ƙauyen ba sa jifa da wake ranar Setsubun, kuma a wurin bautarsu harafin sunan oni an rubuta shi babu ɗan ɗigon sama da suke ɗauka a matsayin ƙaho.

Karanta su ka lura da wanda ke ba da labarin. A biyun farko bakin fada ne ke magana. A na uku manomi ne, sai ga oni ya zama maƙwabci.

Shi ya kawo mataki na biyu, wanda a wurina ya fi sauran nauyi: yanke shawarar wane ne ya raɗa musu sunan. Wani ƙamus na ƙarni na 10 ya ce kalmar ta fito daga "on", abin da ke ɓoye, wanda ba ya son a gan shi. Masana da dama na ganin mutanen birni sun riƙa liƙa sunan ga duk wanda ke wajen ikonsu: 'yan fashin dutse, masu haƙar ma'adinai, baƙin haure, ƙabilun arewa da suka ƙi miƙa wuya. Ko a Yaƙin Duniya na Biyu, farfagandar Japan da siffar oni ta zana Amurkawa da Turawan Ingila. To a duniyarka ma "oni" ya zama sunan da wasu suka ba su. Ka ƙirƙiro sunan da suke kiran kansu da shi, mai ma'ana mai sauƙi, kamar "mutanen tudu" ko "masu wuta". Daga nan duk wanda ya buɗe baki a labarin, kalmar da ya zaɓa ta nuna ɓangarensa ba tare da ka yi bayani ba. Ɗan kasuwan da ke cin riba da su zai kira su da sunansu a gabansu, ya koma "oni" da zarar ya sauko daga dutse.

Mataki na uku, jiki. Kada ka bar wata siffa a jikinsu sai da dalilinta da kuma wahalarta. Su kansu Japanawa suna da dalilin ƙaho da warki. A tsohon lissafin da suka aro daga Sin, dabbobi 12 ne ke riƙe da kusurwoyin duniya, arewa maso gabas kuma ta faɗo tsakanin sa da damisa. Wannan kusurwa ita ce kimon, ƙofar oni, ta inda sharri ke shigowa. Don haka aka ba shi ƙahon sa da fatar damisa. Da Kyoto ta zama babban birni a 794, gidan ibadar Enryaku-ji da ke Dutsen Hiei, arewa maso gabas da ita, shi aka ɗauka mai tsare wannan ƙofa. Katangar fadar sarki ma an lanƙwasa kusurwarta ta wannan gefen ciki, kamar an gutsure ta.

Kai kuma sai ka tambayi kanka abin da ƙaho ke yi wa mai shi kullum. Yaya yake kwanciya? Wace irin riga zai sa, tunda ba ta shiga ta ka? Jariri da ƙaho ake haihuwarsa, ko sai ya tasa suke tsirowa kamar haƙori, da zazzaɓi da kuka? Na zaɓi na biyun, don tausayin uwar, sai ya ba ni bikin tsirar ƙaho kyauta. Ya kuma ba ni hukunci mafi muni a wurinsu, a karya wa mutum ƙaho ɗaya a kore shi, da kuma saurayin da ke goge nasa da dutsen washi kowane mako, ya naɗa rawani, don ya samu aikin dako a birni. Girman jiki ma haka: mai tsayin mutum ɗaya da rabi cinsa ya ninka, saboda haka garuruwansu ba za su yi yawan jama'a ba, kuma fari ɗaya ya isa ya sauko da su kan rumbunan mutane. Launin fata kuwa, ja da shuɗi, kada ka mai da shi hali, a ce ja mai fushi shuɗi mai sanyi. Ka bar shi ya zama zuri'a ko yanki.

Mataki na huɗu, ba su ƙasa da abin yi. Kulkin ƙarfen nan wani ne ya ƙera shi. A duwatsun yammacin Japan akwai tsohuwar hanyar narka ƙarfe mai suna tatara: a gina matoya ta laka, a riƙa zuba yashi mai ƙarfe da gawayi, ana taka zugazugi da ƙafa, kwana uku ba dare ba rana, sannan a fasa matoyar a ciro dunƙulen. Aikin na cinye daji saboda gawayi. Shi kuma yashin, gefen dutse ake rushewa a wanke shi a ruwa, laka ta gangara ta toshe hanyoyin ruwan manoman ƙasa. Rigimar ta kai har aka taƙaita wankin ga lokacin da ba a noma. Ga dalilin gaba ka samu a hannu, ba sai ka ce "sun tsani juna tun fil azal" ba. Manomi na buƙatar garmar da oni ya ƙera, kuma wankin yashin garmar ne ya kashe masa shinkafa. Sarki na buƙatar takobi, yana kuma tsoron wanda ya iya ƙera shi.

Mataki na biyar, ɗabi'a da doka. Ɗauki maganar Shuten-doji da gaske: al'umma ce da ƙarya ta fi kisa muni a wurinta. Kada ka mai da abin sihiri, a ce bakinsu ba ya iya furta ƙarya. Suna iyawa, abin kunya ne kawai da ba a wanke shi. Daga nan abubuwa ke ɓullowa da kansu. Ciniki da su ba tayi, farashi ɗaya ne. Ba su da zaurance irin na fada, don haka jakadunsu kullum a cuce suke dawowa. Baƙon da ya sha daga ƙwaryarka ya zama amana, wanda ke nufin abin da Raiko ya yi, a bakinsu, shi ne labarin da ake tsorata yara da shi. Suna kuma karɓar jingina da jiki: a wata tatsuniya, tsoho ya yi musu rawa ta burge su, suka cire ƙarin da ke kumatunsa suka riƙe don ya dawo gobe, su a zatonsu abu ne mai daraja. Kuma ba sa barin nasu a hannun wani. Watanabe no Tsuna, ɗaya daga baraden Raiko, ya sare hannun wani oni mai suna Ibaraki-doji ya kulle a akwati. Oni ya rikiɗa ya zo a siffar gwaggon Tsuna, ta yi ta magiya sai ta gani, yana buɗewa ta fizge ta fasa rufin ɗaki. Za ka ce ai wannan yaudara ce. Ita ce kuwa, kuma irin wannan saɓani kake nema: bar dattawansu su yi ta gardama a kai, wasu na cewa ƙwato naka ba ƙarya ba ne, wasu na cewa ya zubar musu da mutunci.

Akwai tambayar da ba za ka tsallake ba, ko da a taƙaice: haihuwarsu ake yi ko zama ake yi? A ruwayoyin Japan mutum na iya komawa oni. Wata mata da kishi ya ci ta shiga kogin Uji kwana 21, ta fito oni. In ka bar wannan ƙofa a buɗe, sai ka faɗi yadda haifaffun ke kallon waɗanda suka rikiɗo. Nawa dai karɓarsu suke, amma ba sa ba su aure.

Mataki na shida, kada ka cire musu haƙora. Nan masu tausayi ke faɗuwa. Da zarar marubuci ya gano an zalunci oni, sai ya mai da su bayin Allah masu taushin zuciya, mutane kuma duk azzalumai, labari ya zama wa'azi. Tsohon rubutun yankin Izumo na shekarar 733 ya kawo oni mai ido ɗaya da ya cinye wani manomi a gona, iyayensa na ɓoye cikin gora suna ji. Dole ka yanke hukunci a kan wannan. Ko sharri ne aka yi musu, ko wani ɓangare nasu ya taɓa yi a shekarar yunwa sauran suna jin kunyarsa, ko al'adar yaƙi ce da tsofaffi ke kewa. Kowanne ka ɗauka, matan da aka sace daga birni suna da iyaye, kuma tsoron mutanen ƙauye na da tushe. Dubi Namahage na yankin Oga a Akita: daren sabuwar shekara samari su sa fuskoki masu ƙaho da rigar tattaka, su faɗo gida da wuƙar katako suna tambayar ko akwai yaro mai kuka ko malalaci. Yara na tsala ihu, maigida kuma na gabatar musu da abinci da abin sha, don mutanen wurin baƙi masu kawo albarka suke ɗaukarsu. UNESCO ta sa al'adar cikin jerinta na al'adun gado a 2018. Tsoro da girmamawa a ɗaki ɗaya, haka kake son mai karatu ya ji.

Na ƙarshe gwaji ne, kafin ka ɗora dogon labari a kai. Rubuta shafi biyu kacal: daren jifan wake, daga cikin gidan wata oni da ke zaune a bayan ganuwar birnin mutane, mijinta maƙeri. Maƙwabtan da suka sayi lauje a wurinsu da safe su ne ke ihun "oni waje" da dare. Ɗanta, wanda ƙahonsa bai gama tsirowa ba, ya dawo da wake cike da aljihu, abokan wasansa ne suka ba shi, yana tambaya ko shi ma ya jefa. Rubuta amsar da za ta ba shi, ka tuna ita ba ta ƙarya. In ka iya rubuta ta ba tare da ka koma duba takardun bayananka ba, ci gaba zuwa babi na ɗaya. In ka tsaya kana cizon biro, koma mataki na biyu.