Yadda Ake Kula da Furen Kuroton a Jos

Kuroton, mai ganye ja da rawaya da kore, asalinsa ƙasashen Indonesiya da Malesiya ne, shi ya sa ba ya shiri da sanyi. A Jos, daren Disamba da Janairu ne ke wahalar da shi: sanyi in ya sauka ƙasa da digiri 15, sai ganye ya fara zuba. Ka shigo da tukunyarsa cikin ɗaki kafin magariba, nesa da iskar taga.

Launin nan kuwa rana ce ke ba shi. Ya samu hasken hantsi na awa 4 zuwa 6. A inuwa sabon ganye kore zalla yake fitowa.

Haɗa ƙasar lambu kashi 2, yashi kashi 1, ruɓaɓɓen takin shanu kashi 1, a tukunya mai huji. Kafin ban ruwa, tsoma yatsa cikin ƙasar. In ta bushe har zurfin gaɓar farko, zuba har ya tsiyayo ta ƙasa. Ruwan da ya kwanta yana ruɓar da saiwa.

Da hunturu ka riƙa leƙa bayan ganye. In ka ga siririyar yanar gizo da ɗige-ɗige, ƙananan ƙwari ne da bushewar iska ke kawowa. Goge da tsumma mai ruwan sabulu duk mako.

Ruwan jikin kuroton yana sa ƙaiƙayi, yana da guba, don haka a nesanta shi da yara.