Yadda za ka riƙe malamai a makarantarka su daina tafiya tsakiyar zango

Masu makarantun kuɗi kullum kukansu ɗaya ne, wai malamai ba sa zama, ka ɗauki mutum a Satumba kafin Disamba ya tattara ya bar maka yara ba malamin lissafi. Na yi shekaru ina koyarwa a irin makarantun nan a Kano, bari in faɗa maka inda gizo ke saƙar.

Fara da ranar albashi, ba ma yawansa ba tukuna, ranar. Malami zai haƙura da kaɗan in ya san ran 28 ga wata alat zai shigo, amma kullum ka ce masa sai iyaye sun gama biya, alhali mai gidan haya da mai shagon da yake cin bashi ba ruwansu da wannan zancen, wlh yana samun wani wuri zai wuce. Tun makon farko da kuɗi ke shigowa ka ware albashin zangon gaba ɗaya a wani asusu daban, kar ka taɓa shi ko don fenti ko sabuwar bas. Hutun Agusta ma ka biya, ko rabi ne, don a wannan hutun ne yawanci ake neman wani aikin.

Sai kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 Adaidaita ta yi tsada, wani malamin kusan a hanya albashinsa ke ƙarewa. A 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, gwamnatin Kano ta sa 71,000, kuma malaminka mai NCE ko digiri ya san da haka. In ba za ka iya kaiwa nan ba to ka rage masa nauyi, bas ɗin yara ta riƙa ɗaukarsa, ɗansa ɗaya ya yi karatu kyauta.

Amma abin da ya fi ci min rai shi ne wulaƙanci. Na taɓa ganin mai makaranta ya tare wata malama a bakin get yana mata tsawa gaban ɗalibanta saboda lattin minti goma, ita kuwa daga asibiti take, jaririnta ne ba lafiya, ga katin a hannunta ko kallo bai yi ba. Ba ta ce uffan ba, ta gama zangon, bayan Sallah ba ta dawo ba, iyaye da dama suka bi ta da 'ya'yansu. Don Allah in akwai gyara ka kira mutum ofis ku biyu, ka fara da tambayar lafiya.

Ka kuma ba malami takardar ɗaukar aiki, dokar ƙwadago ma ta ce cikin wata uku da fara aiki a rubuta masa sharuɗɗa. Ku sa albashi, yawan darussa a mako, da sanarwar wata guda kafin rabuwa, ta ɓangarenka da nasa. Wanda ya ce zai tafi kuma ka biya shi haƙƙinsa cif, ka zaunar da shi ka ce Malam me ya faru, sai ka yi shiru ka ji.